Ranar da Na Buɗe Bonet da Leshin Yaya

Jama'a, ku gyara zama. Abin da na yi wata huɗu ina binnewa, ranar Asabar ya tono kansa a ƙofar gidanmu, da rana tsaka, a gaban matar da na fi shakka a duniya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce auta a gidanmu, kuma ni bakanikiya ce. Ba irin mai miƙa sifana ba, a'a, irin wadda ke shiga ƙarƙashin mota ta fito fuska duk baƙin mai. Shekarata biyar a garejin Kawu, ƙanin Ummana. A can Injiniya ake ce mini. A gida kuwa Umma ba ta ƙi a ce ban taɓa ganin sifana ba. Ba na ganin laifinta. Akwai wanda ya taɓa nemana, yayarsa ta zo gaisuwa, ta ƙura wa farcena ido na kusan minti guda, daga ranar ko saƙon barka da asuba ban ƙara samu ba.

Sai ga Dogo. Ma'aikacin awon filaye ne, dogo kamar sunan da na sa masa, mai magana a hankali kamar yana tsoron kalmomin su fashe. Ya zo sayen ƙwan fitilar motar ofishinsu a shagon kayan gyara da ke gaban garejin, ni kuma na riƙe wa mai shagon na ɗan lokaci, da sassafe, hannuna fes ko bonet ɗaya ban buɗe ba. Ya ɗauka ni ce mai tsaron shago. Ban gyara masa ba. Da na ba Umma labari ta ɗaga yatsa ta ce, "To ki bar shi a haka. Idan kika kuskura kika ce masa ƙarƙashin mota kike kwana, ni da ke ne."

Na bi umarni, amma Allah ya sani duk saƙon da ya turo ya ce "Ya shago?" sai in ji kamar na haɗiyi ƙashin kifi.

Ranar Alhamis ya rubuto: "Mama ta ce tana son ganinki ranar Asabar. Ni zan kawo ta."

Na rubuta: "Innalillahi. Wace irin mace ce?"

"Shekara ashirin tana shugabar makaranta. Ni kaina har gobe idan ta kalle ni ta saman tabarau sai in duba ko maɓallin rigata ya ɓalle."

Ka ji mai kwantar da hankali.

Safiyar Asabar gidanmu ya koma kamar za a yi baƙon shugaban ƙasa. An canza labulen falo zuwa mai ruwan zuma, an fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ba mu taɓa shan ko ruwa da su ba. Yaya ta baro gidan mijinta tun ƙarfe takwas, ta zo mini da leshinta ruwan hoda mai ƙananan duwatsu a wuya, da mayafi fari ƙal.

"Sau ɗaya na sa shi," in ji ta. "Idan ɗigon shayi ya taɓa shi, ki nemi wata yayar."

Umma kuwa ta zaunar da ni a bakin famfo da lemon tsami da buroshi, ta dirji farcena har sai da na yi ƙara. Sannan ta shiga ɗakina ta jawo akwatin kayan aikina daga ƙarƙashin gado, ta kai sito ta kulle, ta jefa makullin a aljihun Baba.

Baba yana karatun jarida, bai ɗago ba ya ce, "Yanzu matar nan har ƙarƙashin gado za ta leƙa?"

"Kai dai riƙe makulli," in ji Umma.

Ƙarfe biyu suka ce. Biyu ta wuce, biyu da rabi ta wuce. Na duba waya: "Muna hanya, motar ce ke ɗan ba mu wahala a hawan nan na kusa da ku."

Kafin in ba da amsa na jiyo ta. Wallahi tun ba ta shigo layinmu ba kunnena ya miƙe. Injin dizal ne, tsoho, yana numfashi kamar mai ciwon asma, ana taka masa totur yana amsawa da ƙyar. Na ɗaga labule kaɗan. Wata doguwar mota ruwan toka, ta haura shekara ashirin amma fentinta na sheƙi, tana rarrafowa, baƙin hayaƙi na bin ta a baya kamar an kunna wa taya wuta. Tana isowa ƙofarmu ta yi karkarwa sau biyu ta mutu da kanta.

Zuciyata ta ce, iska ce ba ta isar ta.

Na ce wa zuciyata, yi mini shiru, yau ke mai shago ce.

Mamarsa ta shigo, 'yar gajeruwa, cikin doguwar riga shuɗiya mara ado ko ɗaya, da tabarau a kan karan hanci. Na durƙusa na gaishe ta, na zuba shayi ba tare da na zubar ba, na amsa tambayoyi kaina a ƙasa. Umma sai murmushi take, alamar ina cin jarrabawa. Dogo na gefen Baba, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Baba ne ya jawo maganar. "Na ji motar taku tana ɗan tari."

Mamar ta ajiye kofi. "Ta marigayi ce, mahaifinsu. Shi ya saye ta sabuwa. Wata uku ke nan ta rasa ƙarfi, ko ɗan tudu ta gani sai ta durƙusa. Bakaniken da ke duba ta tun yana raye ya canza filtar mai, ya canza ta iska, jiya ya ce injin ne ya gaji, sai dai a sauke shi a sa wani. Yaron nan kuma ya ce in rabu da ita gaba ɗaya. Litinin mai saye zai zo. Shi ya sa na ce yau da ita za mu fito."

Ta faɗa ne a dake, amma na ga yadda yatsanta ke zagaya bakin kofin.

Jama'a, na yi ƙoƙari. Na ciji leɓe. Na ƙirga duwatsun wuyan leshin Yaya har goma sha bakwai. Amma hali zanen dutse ne. Kawai ji na yi bakina ya ce:

"Mama, tana shan baƙin mai?"

Umma ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

Mamar ta kalle ni ta saman tabarau. "Ba ta sha. Yadda aka zuba haka ake tarar da shi."

"Da safe fa, bugu nawa take tashi?"

"Bugu ɗaya."

"Hayaƙin kullum baƙi ne, ko yana yin shuɗi?"

Dogo ne ya amsa, yana kallona kamar yau ya fara ganina. "Baƙi ne."

"To injin nan bai mutu ba," na ce. "Injin da ya gaji ba ya tashi bugu ɗaya, kuma sai ya sha mai. Wannan shaƙe shi aka yi."

Umma ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Kin san zaman shago, suna jin hirar makanikai, sai su ɗauka..."

"Umma, ki gafarce ni," na ce. Na juya wajen baƙuwar. "Mama, ni ba mai tsaron shago ba ce. Gyaran mota nake yi a garejin kawuna, shekara biyar ke nan. Idan kin yarda, ki ba ni minti goma in duba ta kafin a sayar."

Ban iya kallon Dogo ba. Yaya da ke bakin ƙofar kicin ta dafe kai da hannu biyu.

Mamar ta daɗe tana kallona. Sannan ta buɗe jaka ta ciro makulli ta ajiye a kan tebur, ƙwas.

"Minti goma," ta ce.

Kafin in miƙe, Baba ya riga ya fita. Sai ga shi ya dawo da akwatin kayan aikina a hannu, yana ta ƙoƙarin ɓoye murmushi a cikin gemu. Umma ta bi shi da wani kallo da na san zai biya kuɗinsa daga baya.

Na ɗaure mayafin a ƙugu, na naɗe hannun leshin. Ina ɗaga bonet duk tsoron ya gudu. Nan gidana ne.

"Dogo, shiga ka tayar."

Ya shiga ba musu. Injin ya tashi bugu ɗaya, yana jijjiga kamar mai zazzaɓi. Na kwance murfin da ake zuba baƙin mai, na ɗora shi a bakin ramin ban ɗaure ba. Ya zauna abinsa, ko rawa bai yi ba.

"Mama, zo ki gani. Da ringin da ke riƙe iska a cikin injin nan ya cinye, iska za ta riƙa bugowa ta nan har murfin ya yi tsalle. Kin ga ko gezau."

Ta matso, ta gyara tabarau. "Na gani. Ci gaba."

Na buɗe gidan filtar iska, sabuwa ce kamar yadda ta faɗa. Na bi manyan tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya ina matsawa, ko akwai wanda ya tsage, babu. Na ce wa Dogo ya taka totur. Injin ya yi nishi, salansa ta tofar da baƙin hayaƙi har maƙwabciyarmu da ke shanya ta yi tari ta rufe taga.

Saura wuri ɗaya. A gefen injin akwai wani bawul mai kai kamar naman kaza, da siririn tiyo a samansa.

"Wannan fa?" in ji Mamar.

"Mu a gareji Ijiyar muke ce masa. Aikinsa ya ɗebo hayaƙi kaɗan daga salansa ya mayar cikin injin, don a rage zafi da gurɓata iska. Ƙofa ce, tana buɗewa tana rufewa. Idan aka taka totur ana neman ƙarfi, dole ta rufe, injin ya shaƙi iska mai kyau zalla. To idan ta maƙale a buɗe, kamar a ce mutum ya yi gudu ne alhali an rufe masa fuska da jakar da yake numfashi a ciki."

"Ta yaya za ki san ta maƙale?"

Tambayar malamai. Daɗi ya kama ni. "Wannan siririn tiyon shi ke jan ta ta buɗe. Idan na cire shi, dole ta rufe, hayaƙin ya ragu. Idan babu abin da ya canza, to ba ta jin magana."

Na zare tiyon na toshe bakinsa da yatsa. "Taka!"

Ya taka. Hayaƙi ya sake turnuƙewa, baƙi ƙirin, injin na nan da nishinsa.

"Kashe!" na yi ihu, har da tsalle, na manta gaban wa nake. "Shi ne! Wallahi shi ne!"

Dole muka jira ƙarfen ya huce. Minti goman Mama ya zama ashirin, sai ma ita ta sa Baba ya kawo mata kujera ta zauna a inuwar katanga. A nan ne Dogo ya zagayo ya tsaya kusa da ni, ya rage murya.

"Wata huɗu ina ce miki ya shago."

"Na sani."

"Kina amsawa lafiya lau."

"Shagon ai lafiyarsa lau," na ce, idona a kan injin. Sai kuma na ji ƙwalla na neman zubowa. "Tsoro na ji. An taɓa gudu na saboda hannun nan. Ka yi haƙuri."

Can ya ce, "Rannan da na yi awa guda ina yi miki bayanin yadda ake canza taya fa?"

"Ka yi ƙoƙari. Sai dai ka manta ba a ɗaga jak kafin a sassauta noti."

Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Dariya yake! Na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina.

"Riƙe mini wannan," na ce, na miƙa masa sifana mai lamba goma sha uku.

Noti huɗu ne, na ƙarshen ya yi gardama sai da na sa ƙarfi. Da bawul ɗin ya fito na juya cikinsa ga rana, ni kaina sai da na yi salati. Baƙin toka da mai sun haɗu sun daskare kamar kwalta, ramin da ya kamata yatsu uku su shiga ko ɗaya ba zai wuce ba. Ga wani dunƙule kamar ƙwallon dabino ya tokare ƙofar a buɗe.

Na kai wa Mamar har kujerarta. "Ga injin da aka ce ya mutu."

Ta leƙa, ta sa farce ta ɗan ƙwaƙulo, ta murza a yatsu. "Wannan ƙazantar ce ta hana ni barci wata uku?"

"Ita ce. Motar da ba ta doguwar tafiya, kullum daga gida sai kasuwa, haka take tarawa."

"Tun da ya rasu ba ta yi doguwar tafiya ba," ta ce a hankali.

Baba ya kawo kananzir a tsohuwar roba. Na ce ina son buroshi. Wa zai fito da shi? Umma! Ta miƙo mini wanda ta dirje mini farce da shi da safe, fuskar nan a ɗaure, ta ce, "Tunda kin riga kin tona mana asiri, sai ki yi shi da kyau."

Na kankare da sukundireba, na dirje, na wanke, na sake kankarewa. Ruwan ya koma baƙi kamar tawada. Ina danna sandar bawul ɗin tana ƙi, ina dannawa tana ƙi, can sai ta yi ƙas, ta koma mazauninta da kanta. Wannan 'yar ƙarar, jama'a, ta fi mini duk wani kiɗa daɗi.

A lokacin ne Yaya ta ƙwalla ƙara. Na duba jikina. Tun daga ƙirji har gwiwa leshin ya yi ɗige-ɗigen baƙi, farin mayafin kuwa ba a magana.

"Sau ɗaya na sa shi!" in ji ta, kamar za ta yi kuka.

"Yanzu ya zama sau biyu," in ji Baba.

Na mayar da bawul, na ɗaure notina, na maƙala tiyo. Dogo ya nufi wajen direba, sai Mamar ta miƙe.

"Ba ni wuri. Ni zan ja."

"Mama, rabonki da tuƙi fa..."

"Na ce ba ni wuri. Ke, shigo gaba. Kai ka tsaya nan ka taya su kwashe kaya."

Na shimfiɗa jarida a kujera don kada in ɓata mata, na shiga. Ta murza makulli. Injin ya tashi ya zauna lafiya lau, babu jijjiga. Ta ja kujera gaba, ta sa giya, muka fita layi. Da farko ya ɗan tofar da ragowar hayaƙi, sannan madubi ya washe.

Ba ta nufi ko'ina ba sai hawan nan da ya wahalar da su. Tun daga gindinsa na ce, "Mama, taka ta sosai, kada ki ji tausayinta."

Ta taka. Motar ta yi wani gurnani ta zabura, har bayana ya manne da kujera. Giya ta biyu, ta uku, muna hawa kamar ana tura mu, muka wuce wata motar kaya, muka wuce mai babur. Sai na ji wani sauti a gefena. Shugabar makaranta ce ke dariya, baki buɗe, tana dukan sitiyari da tafin hannu, hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin tabarau.

"Haka take! Haka take a hannunsa!"

Ni ma na sa ihu, muka zama kamar yara biyu da suka sato mota.

A saman tudun ta gangara gefen titi ta tsaya. Ta cire tabarau ta goge ido. Na yi maza na ce, "Ba a gama ba fa, Mama. Bututun da ke bayan bawul ɗin ma ya cika, sai an kwance shi a gareji an wanke. Ki kawo ta Litinin."

"Litinin zan kawo ta. Mai saye kuma ya nemi wata." Ta kamo hannuna, baƙi ƙirin da shi, ta juya shi ta kalli tafin, ba ta saki ba. "Ƙaryar da kika yi wa ɗana ban ji daɗinta ba, kada ki ƙara. Amma yau kin tashi a gaban mahaifiyarki kin faɗi gaskiya, alhali kin san abin da za ki iya rasawa. Na yi shekara ashirin ina neman yara irinki a aji."

Na sunkuyar da kai, daɗi kamar in tashi sama.

"Saboda haka," ta ci gaba, ta mayar da tabarau, muryar ta koma ta ofis, "ba zan bari a yi miki rufa-rufa ba ke ma. Yaron nan akwai maganar da yake ta jan ƙafa a kai tun watan jiya. Na ba shi wa'adi zuwa yau."

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Na leƙa. Dogo ne.

"Don Allah idan Mama ta fara wata magana a kan aikina, ki ce ta bari. Ni nake so in gaya miki da bakina. Don Allah, Auta."

Na ɗago. Tana kallona ta saman tabarau.

"Shi ne ko?"

Na gyaɗa kai.

Ta miƙa hannu ta murza makulli, injin ya yi shiru.

"Ya makara," ta ce. "Kife wayar nan ki saurare ni."